Matsewar Hanyar Laka: Yadda Za a Sassauta wa Dattijo Ciwo Ba Tare da An Kwantar da Shi Ba

Akwai wani ciwon baya da yake rikita iyali, har wani lokaci a fara zargin mai shi da son jiki. Dattijo ne zai hau kekensa daga Jambutu ya je gonarsa ta rani a Geriyo ya dawo bai ce wash ba, amma daga ƙofar gida zuwa masallacin unguwa sai ya nemi dakali sau biyu. Ko kuwa Dada ce za ta wuni a kan kujera 'yar tsugunno tana tsintar shinkafa lafiya ƙalau, amma da ta tsaya minti biyar a layin banki sai cinyoyinta su yi nauyi, minjirya ta kama ta tun daga ɗuwawu har tafin ƙafa. Tana zama, ko ta sunkuya ta dafa gwiwa, bayan 'yan mintoci abin ya lafa.

Wannan ba son jiki ba ne. Ba kuma basir ba ne, ko da yake shi masu tallar magani da lasifika a bakin kasuwa suke ɗora wa laifin duk wani ciwon ƙugu. Alama ce ta matsewar hanyar laka, cutar da ta fi kama waɗanda suka haura shekara 60, maza da mata. Wani nazari da mujallar likitocin Amurka ta JAMA ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 103 ne ke fama da ita a duniya.

Ƙashin baya jerin ƙasusuwa ne ɗaya bisa ɗaya: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sai na ƙasa da suka manne da juna. Ta tsakiyarsu akwai rami tun daga ƙeya har ƙasa, ta nan laka take bi. Lakar kanta tana ƙarewa a daidai ƙashin ƙugu na farko ko na biyu, daga nan sai tarin jijiyoyi da ke sauka zuwa ƙafafu da mafitsara da dubura. Idan shekaru suka ja, faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa yakan bushe ya baje ya turo ciki, ƙananan gaɓoɓin baya su yi tsiro, tantanin da ya lulluɓe ramin ta baya ya ƙara kauri. Kamar lungu ne a tsohuwar unguwa da kowane maƙwabci ya ɗan ci da gini, har ya zama mutum sai ya karkace yake wucewa. An fi samun matsewar tsakanin ƙashin ƙugu na huɗu da na biyar.

Abin da ya kamata kowane mai jinya ya riƙe shi ne wannan: miƙewa tsaye da banƙarewa suna ƙara tsuke ramin, sunkuyawa da zama suna buɗe shi. Shi ya sa keke ba ya damun mai cutar, shi ya sa tura baro ya fi masa sauƙi a kan tafiya hannu sake, shi ya sa hawan tudu ya fi masa daɗi a kan gangara. Wani likitan tiyatar jijiyoyi ɗan ƙasar Holan, Henk Verbiest, shi ya fayyace wannan yanayi a 1954, kuma kusan duk dabarun rage ciwon a gida a kan wannan hujja aka gina su.

A tabbatar tukuna

Kafin a ce matsewa ce, sai likita ya duba, domin akwai cututtukan da ke shigar burtu da kamanninta. Toshewar hanyoyin jini na ƙafa, wadda ta fi kama masu ciwon suga da masu shan taba, ita ma tana sa ciwo idan ana tafiya, sai dai mai ita da ya tsaya cak ciwon yake tafiya, ba sai ya zauna ba. Ciwon suga da ya daɗe yana kashe tafin ƙafa. Lalacewar gaɓar kwatangwalo tana sa ciwo a matsematsi da cinya. Sannan akwai biyu da ba a wasa da su a ƙasarmu: tarin fuka na ƙashin baya, da sankarar da ta yaɗu zuwa ƙashi daga mafitsarar namiji ko daga mama. Idan ciwon baya ya zo da rama, ko zazzaɓi da gumin dare, ko yana tayar da mutum daga barci ko da yana kwance, to a yi maza. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma idan aka kama shi da wuri ana warkewa.

Wasu alamun kuwa ba sa jiran gobe. Fitsari ya ƙi fita ko yana zuba mutum bai sani ba. Bayan gida yana kufce masa. Ba ya jin taɓawar ruwa a gabansa da duburarsa lokacin tsarki. Ƙafa ta fara ja, silifa na zamewa bai ji ba. Wannan na nufin jijiyoyin sun shaƙe ƙwarai, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya barin lahani na dindindin. A ɗauke shi a ranar zuwa sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke cikin Yola, wanda har yanzu jama'a ke kira FMC, ko Asibitin Ƙwararru na Jimeta. Dattawa da yawa kunya takan hana su faɗin irin wannan ga 'ya'yansu. Sai a sami wanda suke sakin jiki da shi, Bappa ko Goggo ko aboki, ya tambaye su kai tsaye.

Matsewar wuya daban take da ta ƙugu. Idan hannu ya fara kasa ɓalla maɓalli ko jan carbi, rubutu ya lalace, tafiya ta zama tangaɗi, to lakar ce kanta ake dannewa. Kada a bari kowa ya murɗa wannan wuyan ko ya ja shi, sai likitan ƙashi ko na jijiyoyi.

Game da hoto: na ƙashi da aka saba ɗauka ba ya nuna jijiya, MRI ne ke nunawa, kuma yana da tsada. Ya fi amfani idan akwai alamun haɗari, ko ƙafa na rauni, ko an fara maganar tiyata. Iyalai kan firgita idan suka ga an rubuta “mai tsanani” a takardar sakamako. Wani bincike na 1990 a Amurka ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda suka kai shekara 60, waɗanda ba su taɓa kukan baya ba, hotonsu ya nuna matsewa. Saboda haka abin da za a fi sa wa ido shi ne nisan da Baba yake iya takawa, da ko nisan na ƙaruwa ko raguwa.

Tafiya ita ce jigon magani

A nan ne, a ganina, muka fi yin kuskure, kuma cikin ƙauna muke yin sa. Da tsoho ya fara kukan ƙafa sai a ce, “Baba, ka huta, mu za mu yi.” A karɓe masa kasuwa, a hana shi gona, a kawo masa buta har bakin gado. Wata uku a haka, naman cinya ya zube, gwiwa ta sage, suga da hawan jini sun tashi, wanda yake takawa zuwa masallaci ya koma ba ya iya kaiwa zaure. Tsoron da ke sa a yi haka shi ne kada ya gurgunce. Amma matsewar ƙugu ba ta cika gurguntarwa ba. Nazarin nan na 2022 ya nuna cewa cikin waɗanda aka bi sawunsu har shekara uku ba tare da tiyata ba, kusan kashi ɗaya cikin uku sun sami sauƙi, kusan rabi suna nan yadda suke, kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ne abin ya ƙaru musu.

Ga yadda ake yi. A rana ta farko a duba agogo: minti nawa yake takawa kafin nauyi ko minjirya su fara? A ce minti huɗu. To daga ranar zai riƙa takawa minti uku, ya zauna minti ɗaya ko biyu yana ɗan sunkuye, ya tashi ya ƙara, har sau huɗu ko biyar. Ba a jira sai ciwon ya turnuƙe kafin a zauna. Kowane mako a ƙara kaɗan, ko da rabin minti ne, a rubuta a takarda. Idan babu dakali a hanya, jika ya bi shi da kujerar roba. A zafin Yola na Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, bayan Asuba ko gab da Magariba ne lokacin wannan aiki, kuma a sha ruwa.

Sanda tana taimakawa, domin tana ba mutum damar ɗan rusunawa. Tsawonta ya kai daidai wuyan hannu idan an tsaya hannu a sake. A ƙasar da yaro ke tashi da sandar kiwo a kafaɗa, bai kamata dattijo ya ji nauyin riƙe ta ba. Wanda abin ya yi wa tsanani, abin dogarawa mai taya huɗu da wurin zama ya fi, muddin tsakar gidan da siminti ko daɓe, don a rairayi tayoyin nutsewa suke. Keken motsa jiki na tsaye, wanda ba ya zuwa ko'ina, yana daga cikin mafi alherin abin da 'ya'ya za su haɗa kuɗi su saya: minti goma zuwa ashirin a rana, ba tsoron faɗuwa, ba tsoron Keke Napep a titi.

Sai motsa jiki na kan shimfiɗa, safe da yamma. A kwanta rigingine, gwiwoyi a tanƙware, a jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji da hannu biyu, a riƙe sakan 20 zuwa 30, a sake, a yi ɗayar, sau uku zuwa biyar kowacce. Daga nan a matse ciki a danna ƙugu ya manne da shimfiɗa, a ƙirga biyar, a sake, sau goma. A ƙarshe a zauna a kujera mai ƙarfi da aka jingina da bango, a tashi a zauna sau goma, da dafawa in ya kama, ba dafawa in an iya. Wannan na ƙarshe shi ke riƙe ƙarfin cinya, kuma ƙarfin cinya shi ke raba tsohon da ke shiga banɗaki da kansa da wanda sai an kama shi. Tsofaffin mata da suka rage tsawo ko suka fara doro, ƙashinsu ya yi rauni, kada a danna su ko a tilasta musu sunkuyo. Ya fi kyau likitan fisiyo, a sashen da aka fi sani da gashi, ya koyar da waɗannan da kansa sau biyu ko uku, a zo gida a ci gaba. Gashin na'ura da ake yi a can yana da daɗi, amma motsin da aka koya shi ne ribar zuwan. A ba wa tsarin mako shida zuwa goma sha biyu kafin a ce bai yi ba.

A cikin gida, gyare-gyaren ƙanana ne. Kwanciya a gefe, gwiwoyi a naɗe, filo a tsakaninsu; ko rigingine da filo a ƙarƙashin gwiwa. Rubda ciki yana tsananta ciwon. Girki da wanki da alwala a yi su a zaune. In tsayuwa ta zama dole, a ɗora ƙafa ɗaya a kan bulo ko ƙaramar kujera. Ɗaukar kaya a ka da goyon jika suna banƙare ƙugu, a bar wa wasu. A ɗora wa kaka jikan a cinya. Masai na tsuguno a sa masa ƙarfen dafawa a bango, ko a sayi kujerar banɗaki. Tumbi yana jan ƙugu gaba, rage shi na rage ciwo.

Salla ma haka. Ruku'u da sujada sukan yi wa mai wannan cuta daɗi, tsayuwar ce wahala, musamman a Tarawihi da Tahajjud da jana'iza. Addini ya yi rangwame: hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari shi ne hujjar malamai a kan cewa marar lafiya zai yi salla gwargwadon ikonsa, a zaune ko a kishingiɗe. Ya kabbara a tsaye in zai iya, ya zauna idan ƙafa ta fara. Haka wanda ke zuwa coci, ba dole ne ya miƙe a kowace waƙa ba. Abin da ba a so shi ne ya daina zuwa. Kaɗaici da rashin barci da damuwa suna ƙara wa ciwo kaifi, kuma tsohon da aka raba da majalisarsa ya fi jin kowane zugi.

Magunguna, da haɗin kemis

Babu ƙwayar da ke buɗe hanyar da ta tsuke. Aikin magani shi ne ya sassauta ciwo har a iya takawa da barci. Farasitamol, wato Panadol, ƙarfinsa kaɗan ne a kan wannan ciwo, amma shi ya fi aminci: ƙwaya biyu masu miligiram 500, sau uku a rana ya ishi tsoho. Mai ciwon hanta ko wanda bai kai kilo 50 ba sai ƙasa da haka, bisa shawarar likita.

Dangin diklofenak da ibufurofen da firoksikam, waɗanda aka sani da Voltaren da Brufen da Feldene, sun fi ƙarfi, kuma su suka fi ɓarna a jikin tsoho. Suna ƙwarzane ciki har ya yi jini, suna tayar da hawan jini, suna gajiyar da ƙoda. Haɗarin yana ninkuwa idan jiki ya bushe. Idan azumi ya faɗo cikin tsananin zafi, tsohon da ya haɗiyi diklofenak da sahur ya wuni ba ruwa yana jefa ƙodarsa cikin hatsari. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko zuciya, da mai shan maganin tsinka jini, su nisance su. Wanda likita ya ba shi, na 'yan kwanaki ne, bayan cin abinci, iri ɗaya tak, sau da yawa tare da maganin kare ciki irin omefurazol. Baƙin bayan gida ko kumburin ƙafa alama ce ta a tsaya a koma asibiti. Na shafawa ya fi sauƙin illa, ko da yake ba ya kaiwa ga jijiyar da ke can ciki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne haɗin da ake ƙullawa a leda a kemis, ƙwaya huɗu ko biyar ba suna, a ce na ciwon jiki ne. Sau da yawa a ciki akwai masu kashe zafi iri biyu a lokaci guda, da firednisolon ko deksametason. Kwana biyu tsoho zai ji garau, ya sa wa mai kemis albarka. Bayan watanni fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashin bayan da ake son ceto ya ƙara rauni. Wanda ya yi makonni yana shan irin wannan kada ya yanke lokaci guda, don yankewar ma na da haɗari. A kai ledar wa likita ya tsara yadda za a janye.

Tiramol ba sai an gabatar da shi ga mutanen Arewa ba. NAFDAC ta amince da mai miligiram 50 da 100 ne kawai, da takardar likita. Masu 200 da 225 da ke yawo haramtattu ne. Ga tsoho yana kawo jiri da ruɗewa da taurin bayan gida, wani lokaci har farfaɗiya. Firegabalin da gabafentin, da ake rubutawa don zugin jijiya, wasu suna jin daɗinsu, amma hujjar amfaninsu a wannan cuta ba ta da ƙarfi, jirinsu kuwa tabbas ne. In za a gwada, a fara da kaɗan da dare, a duba lafiyar ƙoda, in bayan wata guda nisan tafiya bai ƙaru ba a koma wa likita a janye. Haɗa su da tiramol ko maganin barci yana iya danne numfashi, kuma shi ke kai tsoho ga faɗuwa a banɗaki da karayar kwatangwalo, wadda ta fi matsewar kanta muni.

Gashi da ruwan ɗumi da tausa mai laushi da man zafi ba laifi, suna sakin naman baya. A gwada zafin ruwan da hannun mai lafiya tukuna, don fatar da ta mutu tana ƙonewa mai ita bai sani ba. Ƙaho da tsaga da lalas ba sa kaiwa inda cutar take, kuma ga mai ciwon suga ƙaramin rauni na iya zama gyambo. Mai ɗori gwani ne a wurin wasu, amma nan babu abin da ya karye ko ya goce da za a mayar da hannu, taka baya da ƙafa kuwa na iya karya ƙashin tsoho.

Allura da tiyata

Allurar sitiroyid da ake yi cikin hanyar laka takan ba wasu sauƙi na 'yan makonni. Wani gwaji da aka yi wa mutum 400 a Amurka, aka buga a 2014, ya nuna cewa bayan mako shida bambancinta da allurar kashe zafi zalla kaɗan ne ƙwarai. Kada a sayar da gona dominta.

Tiyata kuwa tana da gurbinta, kuma tsoron da ake yi cewa duk wanda aka taɓa wa baya ba ya sake tashi ya wuce gona da iri. Aikin shi ne a cire ɗan ɓangaren ƙashi da tantanin da ya yi kauri, jijiyoyi su sami sarari. Ya fi magance ciwon ƙafa da ƙarancin tafiya a kan ciwon bayan kansa. Babban binciken Amurka mai suna SPORT, wanda aka buga a 2008, ya nuna waɗanda aka yi wa aiki sun fi samun sauƙi a shekarun farko, ko da yake tazarar ta ragu bayan shekara takwas. Wani na 2015 a kan mutum 169 ya sami sakamako kusan ɗaya bayan shekara biyu tsakanin waɗanda aka tura tiyata da waɗanda aka tura fisiyo, sai dai fiye da rabin 'yan fisiyon daga baya sun koma an yi musu aikin. Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne, in babu alamun haɗari, fara gwada motsa jiki na wata uku ba asara ba ce; in kuma an yi da gaske amma Baba ba ya iya kaiwa ƙofar gida, ko ƙafa na ƙara rauni, to jinkiri ba dabara ba ne. Yawan shekaru shi kaɗai ba ya hana aiki. Lafiyar zuciya da ƙoda da daidaituwar suga su ake dubawa. Haɗarin da ke ciki, irin su shigar ƙwayoyin cuta, yagewar rigar laka, da yiwuwar sake aiki bayan shekaru, haƙƙin iyali ne likita ya zayyana musu.

Daga Yola akan tura masu bukata zuwa manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, masu hali kuma sukan nufi Masar ko Indiya. Ko ina aka je, idan aka ce sai an sa ƙarfe da kusoshi, a tambayi dalili. Wani gwaji a ƙasar Suwidin a kan mutum 247, da aka buga a 2016, ya nuna cewa ƙara ƙarfe bai fi buɗe hanya zalla amfani ba ga yawancin masu wannan cuta, alhali ya fi tsada da zubar jini da daɗewa a gadon asibiti. Akwai waɗanda ƙashinsu ke zamewa har suna bukatarsa, amma sai an nuna hujja. Neman ra'ayin likita na biyu ba raini ba ne. Wanda ke da rajistar inshorar lafiya, ta tarayya ko ta jiha, ya bincika abin da ta ɗauke masa kafin ya fara biya.

Ga 'ya'ya da jikoki masu kai iyaye asibiti: ku tafi da duk magungunan da suke sha a leda ɗaya, har da na kemis da na gargajiya, da takardar da kuka rubuta mintocin tafiyarsu mako bayan mako. Ku bar su su yi wa likita bayani da bakinsu, da Fulatanci ko Hausa ko duk harshen da suka fi sakewa da shi, ku cike abin da suka manta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.